3.4 Farfaɗo da Kwalbar Talabijin a Haɗeja

A wannan sashe za a duba yadda masu gyara kan farfaɗo da kwalbar tsohuwar talabijin idan hotonta ya dusashe. A wuyan kwalbar akwai ɗan ƙarfe mai suna katod, wanda aka shafe da sinadarin bariyam. Idan aka zafafa shi da wuta mai ƙarfin bolt 6.3, sai ya fitar da ƙwayoyin lantarki masu haska gilashin. Da ya tsufa, fuskarsa kan dakushe. Don haka mai gyara kan ƙara masa wuta na ɗan lokaci domin dattin ya ƙone. A Haɗeja, inda samo wata kwalbar kan buƙaci zuwa Kano, wannan dabara ta fi araha. Sai dai hasken kan sake dusashewa, kuma idan wutar ta zarce ƙima, katod ɗin ya mutu ke nan.