Hukuncin Bayi a Tsofaffin Takardunmu

Wajen shekarar 1615 mutanen Tuwat, wani zangon fatake a tsakiyar Sahara, suka aika wa Ahmad Baba na Tumbutu tambaya a kan bayin da ake kai musu daga ƙasashen baƙar fata: wanne ya halatta a saya? Amsar da ya ba su ita ce littafin Mi'irajus Su'ud. Ya ce launin fata ba ya mai da mutum bawa, ya ƙaryata masu kafa hujja da la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Barno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Shi kansa ya ɗanɗani kamu, domin a 1594 sojojin Maroko suka tafi da shi Marrakesh, aka wawashe littattafansa wajen 1,600.

Bai haramta bauta ba. Ya bar ƙofa a buɗe ga wanda aka kama a yaƙi yana kan kafirci, kuma ta wannan ƙofar aka shigo da mutane ba adadi. Shehu Usmanu ya kawo maganarsa a Bayanu Wujubil Hijra a 1806, a Wasiƙatu Ahlis Sudan kuma ya hana bautar da ɗa Musulmi. Duk da haka ƙarni na 19 ya ƙare rinjoji da gandaye cike da bayi. Tsakanin abin da malami ya rubuta da abin da ya faru a kasuwa akwai rata mai faɗi, kuma takardun da za su nuna mana faɗinta suna nan a gafakar gidajen malamai, gara tana cin su.

Wajen neman waɗannan takardu, ƙasar Kazaure ta cancanci a fara da ita. Masarautar da Ɗan Tunku ya kafa tana zaune tsakanin Kano da Katsina da Daura, a kan hanyar Damagaram, wato a bakin iyakar da hari bai yanke ba har zuwan Turawa. Gidajen limamai da alƙalai na Achilafiya da Roni da Gwiwa sun gaji Risala da Muhtasar Halil rubutun hannu, kuma a cikinsu akwai babin ƴanta bawa, da na bawan da ya yi yarjejeniyar sayen kansa, da na baiwar da ta haifa wa ubangijinta. Matanin waɗannan littattafai yana ko'ina. Abin da ba a samu a wani wuri shi ne rubutun gefe, inda almajiri ya fassara kalma da ajami ko alƙali ya ƙara wata mas'ala da aka kawo gabansa.

A ganina fallen takarda guda ya fi babban littafi daraja a wannan fage: shaidar ƴanci, lissafin kuɗin fansa, yarjejeniyar murgu, rabon gadon da aka jera mutane tare da shanu. Dokar Lugard ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. A tsakanin nan kotunan alƙalai ne suka riƙa yanke shari'un fansa. Mai bincike Allan Christelow ya buga wasu hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, kuma a cikinsu ana jin rigingimun bayi da iyayengijinsu.

Tattara tsofaffin takardu ba sabon abu ba ne. Akwai Arewa House da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano. Littattafan Malam Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962, sama da 3,000 ne, yau suna Jami'ar Northwestern a Amurka. An adana su da kyau, sai dai ɗalibin Kazaure ba ya iya zuwa ya buɗe su.

Abin da ke hana magada fito da irin waɗannan takardu sananne ne. Jikokin waɗanda aka ambata suna raye, wasu ma an zama surukai, ba wanda ke son ya tono asalin maƙwabcinsa. Wannan tsoro yana da dalili, dole mai tattarawa ya girmama shi. Sai a ɗauki hoton takarda a bar asali a hannun mai ita, a rufe sunaye ga kowa in ban da mai bincike da ya ɗauki alkawari. Kada a raba fallaye, domin littattafanmu ba a ɗinke suke ba, in suka hautsine sai ƙwararre. A ɗaga kowace takarda a haske a duba tambarin jinjirin wata uku na masana'antun Italiya, wanda ke taimakawa wajen kintatar zamaninta. Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure da fadar masarauta suna da ikon fara wannan aiki da kyamara guda da malamai biyu masu karanta rubutun Magaribi.