Lakilen Tsohuwar Mota Ba Ya Riƙe Amana

Ƴan uwa fatake da dillalai, yawancinmu da tsofaffin motoci muke bin kasuwanni, daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Damagaram zuwa Mai'adua. Peugeot 504 ce, ko 404 mai buɗaɗɗen baya, ko tsohuwar Hilux. Motoci ne masu haƙuri, to amma makullansu fa sun gaji.

A cikin kowane makulli akwai ƴan ƙananan ƙarafuna na tagulla, waɗanda haƙoran lakile suke jerawa kafin ya juya. Shekara da shekaru ana murɗawa, ga ƙurar hunturu tana shiga, sai su cinye. In sun cinye, shi ke nan, lakilen wata 504 ɗin ma sai ya buɗe taka. Mun sha gani a kara, mutum ya buɗe motar maƙwabcinsa bisa kuskure, har ya zauna. Wannan dariya ake yi. Ranar da mai mugun nufi ya gwada kuwa, ba dariya.

Wurin tayarwa ma haka ne. Bayan sitiyari wayoyi ne ƴan kaɗan, wanda ya san kansu ba ya neman lakile. Makullin sitiyari da makanikai ke ce wa Neiman shi kaɗai ke tsare hanya, shi ma ana karya shi da ƙarfi. Shi ya sa tun 1998 Jamus da Ingila suka wajabta sa wata na'ura a sababbin motoci, wadda ba ta barin inji ya tashi sai ta gane lakilensa. Namu ba su da ita, har 504 ɗin da aka harhaɗa a Kaduna.

To mene ne abin yi? Makaniken da ka yarda da shi ya sa maka ɓoyayyen maɓalli a wayar wuta, ko famfo a bututun mai in ta gas ce. Kuɗinsa bai kai na akuya ba. A ƙara da sandar ƙarfe da kwaɗo a sitiyari. In za a kwana a baƙon gari, a cire kan delko a sa aljihu.

Sai maganar ba yaro lakile ya je wanki. Minti kaɗan ya isa a danna shi jikin sabulu a ɗauki siffarsa. A tsaya a kai, ko a wanke a gida.

Kuɗin shanu da takardun mota kuwa, don Allah kada a bar su ƙarƙashin kujera a tafi sallar Azahar. A ɗaura su a jiki, ko a damƙa wa maigidan da aka sauka wurinsa.