Sayen Gidan Gado a Tsofaffin Unguwannin Magarya da Dungas

A tsofaffin unguwannin Magarya da Dungas, cikin jahar Damagaram, yawancin gidaje na gado ne. Kakanni suka gina su bisa filin da sarki ya ba su, ba tare da takarda ba. Tun da Dungas ta rabu da Magarya a shekara ta 2011, ma'aikata sun ƙaru, neman muhalli kuma ya ƙaru.

Wahalar ita ce gida guda, masu shi da yawa. Babban wa yakan sayar, alhali ƙanensa yana ci-rani a Kano. Matar mamaci tana da tumuni in akwai ƴaƴa, ɗiya kuwa rabin rabon ɗa namiji. A fiƙihun Malikiyya, muddin ba a raba gida ba, magajin da bai sayar ba yana da haƙƙin shuf'a: ya mayar wa mai saye kuɗinsa, ya karɓe rabon da aka sayar. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi.

Saboda haka, kafin a biya dillali la'ada, ya kamata a tara magada duka gaban mai unguwa da shaidu. A karkara, kwamitocin filaye da dokar 2 ga Maris 1993 ta tanada suna ba da takardar shaidar sayarwa. Cikin gari, a nemi ma'aikatar magajin gari. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya karanta takardar da idonsa, ya ƙidaya sunayen magada, sannan ya sa hannu.