Toshewar jijiyoyin hanta bayan dashen ɓargo: abin da ya kamata iyaye su sani

Idan kana zaune a Arlit ko Akokan, da wuya a ce ba ka san gidan da ke da yaro mai ciwon sikila ba, wanda a Nijar aka fi kira emasi. Yawancin waɗannan yara ana kula da su ne da magani da ƙarin jini. Akwai kuma wani aiki da kan raba yaro da cutar, wato dashen ɓargo. Ba a yin wannan aiki a Arlit ko Agadez. Iyali kan tara kuɗi su kai yaro ƙasar waje, kamar Indiya ko Faransa. A Nijeriya ma an fara yin sa a shekarar 2011, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Wannan darasi zai bayyana maka wata matsala da kan biyo bayan dashen, da yadda ake gane ta da wuri.

Mene ne dashen ɓargo?

A cikin ɓargon ƙashi ne jiki yake ƙera jini. Idan ɓargon yana ƙera jini mai cuta, likitoci kan ɗebo lafiyayyun ƙwayoyi daga jikin wani, galibi wa ko ƙanen yaron, su saka masa ta jijiya. Amma kafin haka sai an ba yaron magunguna masu ƙarfi na wasu kwanaki, domin su kashe tsohon ɓargon. Waɗannan magunguna su ne kan yi wa hanta rauni.

Yadda jijiyoyin ke toshewa

Hanta tana gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. A cikinta akwai ƙananan hanyoyin jini masu ɗimbin yawa, waɗanda ido ba ya iya gani. Ka tuna da ƙananan magudanan ruwa na lambu. Idan gefensu ya zube, ƙasa ta cika su, ruwa ba zai wuce ba, sai ya taru a baya. Haka abin yake a hanta. Magani ya kan ɓata bangon hanyoyin, su toshe, jini ya kasa fita. Daga nan hanta ta kumbura, ruwa ya taru a ciki, nauyin yaro ya ƙaru. Idan abin ya yi tsanani ya kan taɓa ƙoda da huhu. A irin wannan hali, idan ba a yi magani ba, fiye da 80 cikin 100 na masu cutar kan rasu.

Hatsarin ya fi yawa ga ƙananan yara, da waɗanda hantarsu ke da rauni tun farko. Yaron da aka sha yi wa ƙarin jini yana cikinsu, domin sinadarin ƙarfe na jinin kan taru a hanta. Saboda haka ka gaya wa likita sau nawa aka ƙara wa ɗanka jini.

Alamomi biyar

A shekarar 2018, ƙungiyar likitocin dashen ɓargo ta Turai ta fitar da ƙa'idojin gane wannan cuta a jikin yara. Alamomin biyar ne, kuma idan biyu suka haɗu, likita zai yi zaton cutar:

1. Nauyin yaro yana ƙaruwa kwana 3 a jere, ko ya ƙaru da fiye da 5 cikin 100. Misali, yaro mai kilo 20 ya wuce kilo 21.
2. Hanta ta kumbura, sau da yawa tare da ciwo a gefen dama.
3. Ruwa ya taru a ciki.
4. Sinadarin da ke kawo shawara yana ƙaruwa a jini.
5. Ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini suna ƙarewa da sauri, ko da an yi ta ƙara wa yaro su.

Na huɗu da na biyar sai da awon jini ake gane su. Na biyu da na uku likita kan tabbatar da su da hoton ciki. Amma na farko ma'aunin nauyi kawai yake bukata, kuma duk wanda ya iya karanta lamba zai iya lura da shi.

Kada ka jira ido ya yi rawaya

Mutane sun saba gane ciwon hanta da shawara. A nan wannan ba ya wadatarwa. Kusan yaro 1 cikin 3 masu wannan cuta ba sa nuna shawara. Ban da haka, idon mai sikila kan yi rawaya tun kafin dashe, don haka iyaye kan ɗauka abin da suka saba gani ne. Kuma kada ka yi murna don yaro ya yi nauyi cikin kwana biyu ko uku. Wannan ruwa ne ya taru, ba ƙiba ba ce.

Cutar ta fi bayyana cikin kwana 21 na farko, lokacin yaro yana kwance a asibiti. Amma a wasu yara takan makara har bayan wata guda, bayan an sallame su. Akwai magani mai suna defibrotide, wanda aka amince da shi a Turai a 2013, kuma ya fi amfani idan an fara shi da wuri.

Hattara da jiƙo

Ba dashe kaɗai ke kawo wannan toshewa ba. A shekarun 1950, likitoci a ƙasar Jamaika sun gan ta a jikin yaran da ake ba shayin wasu ganyayen daji. A shekarun 1970 ta kama mutane da yawa a Afganistan, bayan ƙwayar wata ciyawa mai guba ta gauraya da alkamarsu. Don haka kada a ba yaron da aka yi wa dashe wani jiƙo ko sassaƙe, ko da na shawara ne, sai da sanin likita.

Abin da za ka yi

Ka tanadi littafi. Kowace safiya a auna yaro da ma'auni ɗaya, kafin ya ci abinci, ka rubuta rana da nauyi. Ka lura da cikinsa, da launin fitsarinsa, da ko fitsarin ya ragu. Idan ka ga canji, ka sanar da likita a ranar, kada ka bari sai gobe.

Kada kewar gida ko ƙarewar guzuri su sa ka gaggauta komowa. Daga Arlit zuwa Agadez tafiyar kilomita kusan 240 ce, zuwa Yamai kuwa fiye da 1,000. Ka zauna kusa da asibitin har likita ya ba da izini. Idan za ku taho, ka karɓi takardun yaro da lambar wayar likitan, ka kuma nuna takardun a cibiyar kula da masu sikila ta ƙasa da ke Yamai. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Karatun da kake koyo a yau, shi ne zai ba ka ikon riƙe wannan littafi.