Ƙwayar Hana Barci: Rancen Ƙarfi da Ranar Biyansa

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa ɗan Adam, waɗanda ba kasafai ake tunawa a yi godiya a kansu ba, akwai gajiya da barci, domin su ne iyakar da aka shata wa jiki, wadda in ya kai gare ta zai tsaya ya huta, ya mayar da abin da aiki ya ci daga gare shi. To, a zamanin nan an sami waɗansu ƙwayoyi masu ɗauke wa mutum jin gajiya, su kori barci daga idonsa kwana biyu ko uku, alhali kuwa asalinsu daga hannun likitoci suka fito, don jinyar marasa lafiya aka yi su, kafin su tsallake katangar asibiti su faɗa kasuwa. A kan waɗannan ƙwayoyi, da yadda suke kama mutum, da yadda ake kuɓutar da wanda suka kama, muke so mu faɗakar da 'yan'uwa, musamman jama'armu ta Shuwak da kewayenta a jihar Gadarif.

Wanda ya san Shuwak ya san dalilin da ya sa wannan magana ta shafe ta. Gari ne a bakin kogin Atbara, kusa da inda kogin Satit ya zubo cikinsa, kuma babban titin da ya taso daga Bur Sudan ya biyo ta Kasala ya nufi Gadarif da Khartum ta nan ya ratsa, saboda haka manyan motoci ba sa yankewa, direbobinsu kuwa babu abin da suke tsoro irin gyangyaɗi. Ƙasar kuma ta noma ce, inda tun cikin shekarun 1940 aka fara noman dawa da injuna a manyan gonaki, riɗi ya biyo baya. Shi kuwa riɗi ba ya jiran kowa, in ya nuna aka yi jinkirin yankansa sai kwansonsa ya tsage ya zube ƙasa, don haka da watan Oktoba ya kama, 'yan ƙwadagon da ake kira jango, waɗanda ake biya gwargwadon abin da hannunsu ya yanka, sukan haɗa dare da rana a gona. Hausawan wannan yanki, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suna cikin noma da lambu da su da tuƙi da dako. Ga masu haƙar zinariya a Butana, ga ɗalibai masu kwana kan littafi idan jarrabawar Shahada ta gabato. Duk inda lada ya rataya a kan hana ido barci, nan mai sayar da ƙwaya yake neman ciniki.

Uwar waɗannan magunguna ita ce amfetamin, wadda wani masani ɗan ƙasar Romaniya, Lazar Edeleanu, ya fara haɗawa a birnin Berlin a 1887. Ta shekara fiye da arba'in ba a san amfaninta ba, sai a farkon shekarun 1930 aka soma sayar da ita a Amurka da sunan Benzedrine don buɗe toshewar hanci, sa'an nan a 1937 likita Charles Bradley ya lura cewa yaran da ba sa iya zama wuri guda sukan natsu su karɓi karatu idan aka ba su ita. Daga baya Ritalin ta shigo kasuwa a 1954. Har gobe likitoci suna rubuta irin waɗannan ga masu larurar rashin natsuwa, da masu ciwon barcin da ke kayar da mutum tsakar rana ba shiri, kuma suna amfana ƙwarai. Amma tun a Yaƙin Duniya na Biyu aka ga ɗaya fuskar tasu, yayin da Jamus da Ingila da Amurka da Japan suka riƙa raba wa sojojinsu don kada su yi barci. Da yaƙi ya ƙare, ragowar ta malala cikin jama'ar Japan, ta yi ɓarnar da ta tilasta kafa doka a kanta a 1951. A 1971 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Vienna, suka ƙuntata sayar da su sai da takardar likita. Dattawan ƙasar Hausa ma ba su manta da ƙwayar a-ji-garau ba, wadda ta addabi 'yan ƙwadagon gona a wancan zamani.

Wadda ta fi kusa da mu a yau ita ce Captagon, da Larabawa ke kira Abu Hilalaini saboda tambarin jinjirin wata biyu da ke jikinta. A Jamus aka haɗa ta a 1961, likitoci suka yi shekaru suna rubuta ta, har aka tabbatar cutarwarta ta rinjayi amfaninta, aka sa ta cikin jerin ƙwayoyin da aka ƙuntata a 1986, kamfanoni suka daina yin ta. Abin da ake sayarwa yanzu da wannan suna jabu ne, amfetamin ce aka cakuɗa da kafeyin da duk abin da mai haɗin ya ga dama, ta yadda mai sha bai san abin da ya haɗiya ba. Siriya ce ta zama cibiyar buga ta a shekarun yaƙinta, kuma a watan Fabrairu na 2025 hukumomin Sudan suka ba da sanarwar gano wata masana'antarta a yankin Jaili, arewa da Khartum Bahri. Ga kuma ƙanwarta mai suna ayis, wadda ta fi ta zafi da saurin halakarwa, wadda yaɗuwarta cikin matasa na daga cikin abin da ya sa gwamnati ta ƙaddamar da yaƙi da miyagun ƙwayoyi a farkon 2023.

Wajibi ne mai karatu ya fahimci cewa ƙwayar nan ba ta ƙara wa jiki ƙarfi ko ƙwayar zarra. A cikin ƙwaƙwalwa akwai waɗansu sinadarai, dofamin da noradirenalin, waɗanda take saki kaɗan kaɗan gwargwadon bukata, su ne ke sa mutum jin nishaɗi da kuzari da farkawa; abin da ƙwaya take yi shi ne ta tilasta a kwararo su gaba ɗaya, ta kuma hana a mayar da su ma'ajiyarsu. Misalinta misalin shail ne, wato bashin nan da manomi yakan karɓa a hannun ɗan kasuwa tsakar damina, bisa sharaɗin zai biya da hatsi da kaka a kan farashi mai arha: ranar karɓa ya ga kuɗi a hannu ya yi murna, ranar biya ya ga rumbunsa wayam, sai ya koma ya karɓi wanda ya fi na bara. Haka mai shan ƙwaya yake cin ƙarfin gobe da jibi a yau, in ta sake shi ya faɗi cikin kasala da ƙuncin rai, ba ya ganin mafita sai ya ƙara. Ita kuma ƙwaƙwalwa, da ta saba da ambaliyar, sai ta rage jin tasirinta, guda ɗaya ta koma biyu, biyu su koma huɗu, har ya zamana ba don ya yi aiki yake sha ba, sai don ya iya tashi daga shimfiɗa.

Alamominta ba sa ɓuya ga iyalin da suka sa ido. Mutum zai daina cin abinci ya rame, bakinsa ya bushe, ya riƙa cizon haƙora, ya yawaita surutu da saurin fushi, ya kwana biyu ido biyu sa'an nan ya kwanta kamar gawa. Idan abin ya yi nisa sai waswasi ya shige shi, ya riƙa zargin matarsa da maƙwabtansa, yana jin muryoyin da babu su, har a ce aljanu ne suka shafe shi. Bugun zuciya da hawan jini suna iya kai saurayi ga shanyewar ɓarin jiki ko mutuwar fuju'a. Direba kuwa, barcin da ya kora yakan dawo masa lokaci guda yana kan sitiyari. Waɗansu kuma, don su sami runtsawa, sukan bi ta da bango, wato tabar wiwi, ko tiramol ko ƙwayar barci, su tara wa kansu jaraba biyu.

Ta fuskar shari'a al'amarin ba shi da duhu. Malamai sun lissafa hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyayewa, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Kuma Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya bambanta a littafinsa Alfuruƙ tsakanin abin da ke sa maye, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke gusar da shi ɗungurungum, don a san cewa hani bai tsaya ga giya kaɗai ba. Sai dai a yi adalci: yaron da likita ya rubuta wa Ritalin, yana sha bisa ƙa'ida ana duba shi, majinyaci ne, ba mashayi ba, kuma zalunci ne a kunyata shi ko iyayensa. Ƙetare haddi shi ne a ƙara a kan abin da aka rubuta, ko a sha na wani, ko a saya a hannun wanda ba ya tambayar takarda.

Amma fa wanda ya riga ya faɗa, hukunci kaɗai ba ya fid da shi, jinya yake bukata, kuma jinyar tana yiwuwa. Matakin farko shi ne dainawa, wadda ga mai sha bisa takarda likitansa ne zai tsara masa ragewa sannu a hankali. Kwanakin farko na bari suna da nauyi: barci mai yawa, da yunwa, da baƙin cikin da kan kai waɗansu ga tunanin kashe kansu, saboda haka kada a bar shi shi kaɗai, kuma kada a ɗauki kwanciyarsa lalaci. Mafi tsananin wannan hali yakan sassauta cikin mako ɗaya ko biyu, amma kwaɗayin ƙwayar da rashin jin daɗin komai suna iya ɗaukar watanni kafin ƙwaƙwalwa ta koma daidai. Idan aka ga ciwon ƙirji, ko zazzaɓi mai zafi, ko farfaɗiya, ko ruɗewar hankali, to, a garzaya asibiti mafi kusa nan take, domin akwai magungunan kwantar da waɗannan.

Mataki na biyu shi ne mai tsawo. Har yanzu likitoci ba su amince da wani magani guda da ke cire jarabar wannan jinsi na ƙwayoyi ba, don haka duk mai tallan ƙullin da ya ce zai wanke ta cikin kwana uku, kuɗin mutane yake nema. Abin da aka jarraba aka ga fa'idarsa shi ne zama a kai a kai da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda zai taimaki majinyaci ya gane abubuwan da ke tayar masa da kwaɗayi, ko aboki ne, ko tasha, ko ranar biyan lada, ya koya masa yadda zai kauce musu. Da kuma hanyar tukuici, inda ake auna fitsarinsa, duk lokacin da aka same shi da tsabta a ba shi 'yar kyauta. Wannan ta biyun, duk da sauƙinta, tana cikin mafi ƙarfin hanyoyin da aka sani, kuma iyali suna iya kwaikwayon hikimarta a gida. In ya koma ya sha, wanda yakan faru da yawa, ba ƙarshen jinya ba ke nan, a ɗora daga inda aka tsaya. Ita kanta giya ai mataki mataki aka haramta ta.

Sudan tana da abin koyi a nan. Dakta Tijjani Almahi, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 1970, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar, wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman ke ɗauke da sunansa, bai raina shehunai da masu jinyar gargajiya ba, ya kusance su ya nemi fahimtar aikinsu, domin ya san wurinsu jama'a ke fara zuwa. Bayan da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa asibitocin babban birni, ya cika Gadarif da 'yan gudun hijira, wannan haɗin hannu ya ƙara zama dole. Malami ya yi addu'a da nasiha, ya kuma tura majinyaci wurin likita. Ɗauri da mari da bulala kuwa ba sa mayar da sinadarin ƙwaƙwalwa, sai dai su ƙara wa mara lafiya ƙiyayya da ɓoye sirri.

Saboda haka muna kira ga masu gonaki da masu motoci su ji tsoron Allah, kada su ɗora wa ma'aikaci aikin da ba ya yiwuwa sai da ƙwaya, su bar direba ya yi barci, su sa mataimaki a doguwar tafiya. Masu kantin magani kada su sayar ba takarda. Limamai su faɗi wannan magana a kan mumbari da harshen da jama'a ke ji. Iyaye kuma, in kun ga alama ga ɗanku, kada kunyar maƙwabta ta sa ku rufa, kada fushi ya sa ku kore shi. Ku kama hannunsa ku kai shi asibiti tun abin bai yi nisa ba. Allah ya kiyaye mana hankulanmu da na zuriyarmu, amin.