Watandar Katunan 'Yan Wasa: Inda Ribar Take Da Inda Asarar Take

ABUJA — Duk wanda ya bi babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa daga ƙofar birnin Abuja zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe zai ratsa Lugbe, unguwar da ta cika da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da matasa masu neman na kansu. A ranakun Asabar da Lahadi gidajen kallon ƙwallo na unguwar kan cika maƙil, kuma kuɗin da son ƙwallo ke fitarwa daga aljihun jama'a yana da yawa, tun daga kuɗin shiga da na rigunan kulob har zuwa abin da shagunan caca ke haɗiyewa. Akwai wani reshe na wannan kasuwa da ya daɗe da bunƙasa a Turai da Amurka, wanda wayar hannu ke kai labarinsa har ɗakunan irin waɗannan matasa, wato tara katunan 'yan wasa da haɗa kuɗi a buɗe kwalinsu tare.

Asalin sana'ar

Masu shekaru za su tuna da cingam mai ɗauke da hoton ɗan ƙwallo a cikin takardarsa. To, daga irin wannan ne sana'ar ta girma. Kamfanin Topps na Amurka, wanda aka kafa a 1938, mai yin cingam ne kafin ya shahara da katunan 'yan wasan ƙwallon gora a farkon shekarun 1950. A Italiya kuwa, 'yan uwa 'yan gidan Panini suka kafa nasu kamfanin a garin Modena a 1961, suna sayar da hotunan 'yan ƙwallo a ƙananan fakiti tare da kundin da ake liƙa su. A 1970 suka fitar da kundinsu na farko na gasar cin kofin duniya, kuma Nijeriya ta fara shiga cikinsa a 1994, shekarar da Rashidi Yekini ya ci wa ƙasar nan ƙwallonta na farko a gasar, a ragar Bulgeriya.

Kuɗin da ke yawo a harkar a yanzu ya wuce wasan yara. A watan Janairu na 2022 kamfanin Fanatics bai tsaya ciniki ba, ya sayi sashen katuna na Topps a kan kimanin dala miliyan 500. A cikin wannan shekara aka sayar da wani katin Pele na 1958 a kan dala miliyan 1.33, sannan a watan Agusta katin Mickey Mantle na 1952 ya kai dala miliyan 12.6 a wajen gwanjo. Tun a 2020 wani katin Giannis Antetokounmpo, ɗan ƙwallon kwando wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya haura dala miliyan 1.8. Irin waɗannan labarai ne ke jan hankalin sababbin shiga, alhali kuwa mafi yawan katunan da ke fitowa daga fakiti ba sa mayar da kuɗin da aka saye su.

Yadda ake buɗe kwali

Bahaushe ya san watanda: mutane su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa nama kashi-kashi. Haka masu tara katuna ke yi da kwali mai tsada wanda mutum ɗaya ba zai iya saye ba. Mai shiryawa zai sayi kwali a rufe, ya raba shi gurabe bisa yawan kulob, kowa ya biya kuɗin gurbinsa, sannan a buɗe a gaban kowa, ko dai a zaune wuri ɗaya ko kuma ta hoton bidiyo kai tsaye. Duk katin da ya fito na ɗan wasan wani kulob, na mai gurbin kulob ɗin ne. Wani lokaci mutum ne ke zaɓar kulob ya biya gwargwadon farin jininsa, wani lokaci kuma kowa ya biya kuɗi ɗaya a yi ƙuri'a.

A ɗauki misali da gasar Firimiya ta Ingila mai kulob 20. Idan kwali ya iso Abuja a kan Naira 400,000, aka sayar da kowane gurbi Naira 22,000, an tara Naira 440,000 ke nan. Mai shiryawa ya san ribarsa tun kafin a yage leda. Masu gurabe ne ke cikin duhu, domin a nan ne watandar nama ta rabu da watandar kati. A ta nama kowa zai koma gida da kason da ya yi daidai da na ɗan uwansa. A ta kati, mutum ɗaya na iya tafiya da katin da ɗan wasa ya sa wa hannu, wasu kuma su tashi da abin da bai kai kuɗin motarsu ba.

Lissafin musaya

Amfanin haɗuwa na ainihi yana wajen musaya, kuma akwai lissafin da ya tabbatar da haka. Kundin Panini na gasar kofin duniya ta 2018, wanda ke da shafin 'yan wasan Nijeriya, yana da gurabe 682, ana kuma sayar da fakiti mai hoto biyar a kan fene 80 a Ingila. Da a ce hoto ba ya maimaituwa, fakiti 137 sun isa, wato fam 109.60. Amma Farfesa Paul Harper na Jami'ar Kadif ya ƙididdige cewa mai tarawa shi kaɗai zai buƙaci kimanin fakiti 967, wato fam 773.60, kuma kusan rabin wannan kuɗi zai tafi ne wajen neman hotuna 19 na ƙarshe. Dalili shi ne, duk lokacin da kundi ya kusa cika, sai kusan kowane sabon fakiti ya zo da abin da mutum ya riga ya mallaka. Idan kuwa mutum goma suka haɗu suna musayar abin da ya maimaitu, lissafin ya nuna kuɗin kowannensu zai sauko zuwa kimanin fam 247.

Idan aka auna waɗannan kuɗaɗe da canjin 2024, lokacin da fam ɗaya ya haura Naira 2,000, mai tarawa shi kaɗai zai kashe fiye da Naira miliyan ɗaya da rabi, wato abin da ya zarce albashin wata 22 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Musaya na rage kusan kashi biyu cikin uku na wannan nauyi ba tare da an dogara da sa'a ba.

Matsalolin mai shigo da kaya

Ɗan kasuwar da ke son shiga harkar daga Lugbe zai fara cin karo da canji. Ana sayen kwali da dala ko fam, a sayar da gurabe da Naira, ga shi kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023 dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Wanda ya karɓi kuɗin mutane kafin ya biya kaya na iya tarar da ribarsa ta narke a tsakani. Ta ɓangaren kwastan an sami ɗan sauƙi a watan Satumba na 2025, lokacin da aka ɗage haraji a kan ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara, sai dai wannan ya fi amfanar mai saye don kansa.

Na biyu shi ne tantancewa. Kati ba ya yin tsada a kasuwar duniya sai wani kamfani kamar PSA na Amurka, wanda ya fara aiki a 1991, ya duba shi ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi a roba. Aika kati can da dawo da shi duk da dala ne, kuma lanƙwasa ɗaya a kusurwa na zubar da maki. Laimar damina da ƙurar hunturu a Abuja ba sa raga wa takarda. Ga kuma jabu, da kwalin da aka buɗe aka tsince na kirki aka sake rufewa.

Na uku, darajar kati na bin ƙafar ɗan wasa. Victor Osimhen ya zama gwarzon Afirka a 2023, Ademola Lookman a 2024 bayan ƙwallaye uku da ya ci a wasan ƙarshe na kofin Europa. Irin wannan na ɗaga farashi, kamar yadda rauni ɗaya ke kayar da shi. Nijeriya ta rasa gurbin gasar 2022 a hannun Ghana a filin wasa na Moshood Abiola, kan wannan titi da ya ratsa Lugbe, ta kuma rasa na 2026 a hannun Kwango, wanda ke nufin kundi biyu a jere ba shafin da masu saye na gida za su fi nema. Tarihi ma ya bar darasi: a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 kamfanonin Amurka sun buga katuna fiye da kima, mutane suka tara da niyyar jari, daga baya aka wayi gari yawancinsu ba su da wata daraja.

Doka da addini

Biyan kuɗi a kan abin da ƙuri'a za ta raba ya kusanci caca. A 2018 hukumomin Beljiyam sun ɗauki akwatunan sa'a da ake sayarwa a cikin wasannin kwamfuta a matsayin caca. A nan gida, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Nuwamba na 2024 cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta aiki a jihohi sai a Babban Birnin Tarayya, wanda Lugbe ke cikinsa. Saboda haka ya kamata mai shirya ƙuri'ar gurabe ya nemi shawarar lauya kafin ya karɓi kuɗin jama'a. Har ila yau, a fiƙihun ciniki an hana garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kuma wannan zai sa masu saye da dama su ja da baya.

Hanyar da ta fi tsabta ga ɗan kasuwa ita ce sayar da kati a buɗe da farashinsa a bayyane, da sayar da kundi da robobin adana kati, da kuma ware rana a gidan kallo wadda masu tarawa za su riƙa haɗuwa don musaya. Ribar irin wannan ciniki ƙarama ce, amma mai saye ya ga abin da ya biya, kuma zai sake dawowa mako mai zuwa.