Daga ɗakin binciken Balensiya zuwa kasuwar Dogondutsi

A ranar kasuwa a Dogondutsi ko Kore Mairuwa, mai sayen mai yana da zaɓi uku: man gyaɗa na gida da mata suka matse bayan sun fitar da ƙuli-ƙuli, man jarka da aka shigo da shi daga waje, da kuma bota ta gwangwani da mai shayi ke shafa wa burodi. Abin da ya raba botar da man gyaɗa tun asali aiki ne na masana'anta, wato cusa iskar haidurojin cikin mai har ya daskare. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da katalis, wani sinadari da ke yin aikin dillali: ya haɗa ɓangarori biyu, ciniki ya faɗa, shi kuma ya fito yadda ya shiga.

Bafaranshen nan Paul Sabatier ne ya gano a 1897 cewa garin ƙarfen nikel yana wannan aiki, kuma ya samu kyautar Nobel a 1912. Wilhelm Normann na Jamus ya yi amfani da dabarar a kan mai a 1902. Daga nan masana'antu suka samu kitse mai araha wanda ba ya saurin lalacewa. Matsalar nikel ita ce ba ya zaɓe. A zafin da ya kai kusan digiri 180, yana daskarar da wani ɓangare na man, yana kuma murɗe siffar wani ɓangaren ya koma abin da likitoci ke kira kitsen tarans. Wannan kitse yana ƙara mugun kolestarol a jini, yana rage mai amfanin, yana toshe hanyoyin jinin zuciya. Denmak ta taƙaita shi a 2003. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a kawar da shi daga abinci, tana ɗora masa alhakin mutuwar mutane kusan 500,000 a shekara.

Wannan yana cikin dalilan da suka sa masana suka dukufa neman katalis mai zaɓe, wanda zai kai haidurojin inda ake so kaɗai. Dalili na biyu shi ne magani. Tun 1952 Herbert Lindlar, a ƙasar Suwizalan, ya dakushe kaifin ƙarfen faladiyam da dalma don ya tsaya a rabin hanya, kuma da wannan dabara aka riƙa haɗa bitamin A a masana'anta, irin wanda ake ƙarawa a man girki a ƙasashen yammacin Afirka. Sai dai dalma guba ce, kuma masana'antun yau suna son rabuwa da ita.

Wata hanyar da ke jan hankali ita ce a ƙera ƙwayoyin ƙarfe 'yan mitsi-mitsi, masu faɗin nanomita 2 zuwa 10, a manna su da ƙwayar wani ƙarfen da ya riga ya haɗu da iskar oksijin, kamar tsatsar baƙin ƙarfe ko farin garin titaniyam. Kaurin gashin kai guda ya kai kusan nanomita 80,000. A wannan ƙanƙanta halin ƙarfe yana sauyawa. Zinariya, wadda aka daɗe ana ɗauka ba ta haɗuwa da komai, Masatake Haruta na Japan ya nuna a 1987 cewa idan aka niƙe ta haka aka ɗora a kan irin wannan gari, tana aiki ko cikin sanyi. A 2006 Avelino Corma da Pedro Serna, a birnin Balensiya na Sifaniya, suka nuna cewa zinariya a kan garin titaniyam tana kai haidurojin ga sashe guda na sinadari ta bar sauran sassan lafiya. Sirrin yana kan iyakar da ƙwayoyin biyu suka haɗu: garin yana kama sinadarin ta gefen da ake so, ƙarfen kuma yana raba haidurojin ya miƙa masa. Da irin wannan mataki ake samun tushen rini, da na maganin ciyawa, da na farasitamol da ke kowane kantin magani daga Tibiri zuwa Matankari. Idan katalis ya zaɓa daidai, asarar kayan aiki tana raguwa, dattin da ake zubarwa ma haka.

Amma yawancin waɗannan ƙwayoyi har yanzu suna ɗakunan bincike. Zafi yana sa su dunƙule, su rasa ƙarfinsu. Ƙarafan kuma suna da tsada: Afirka ta Kudu ce ke haƙo kusan kashi 70 cikin 100 na filatinam na duniya, Rasha kuma kusan kashi 40 na faladiyam, wanda farashinsa ya haura dala 3,000 kowane oza a watan Maris na 2022.

Saboda haka masu sarrafa abinci ba su jira sabon katalis ba. Da doka ta matsa musu, da yawansu suka koma ga man kwakwar manja da aka tace, wanda wani ɓangarensa daskararre ne tun asali. Wannan ya ƙara ƙarfin kasuwar da Indonesiya da Malesiya suka mamaye, kuma a nan ne lamarin ya taɓa yankin Arewa na Nijar, inda Dogondutsi take, kai tsaye. Nijar ta taɓa zama ƙasar gyaɗa. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta, kafin farin shekarun 1970 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 su karya noman. Matan karkarar Dallol Mawri sun ci gaba da matse mai da hannu, man da bai taɓa shiga tukunyar haidurojin ba, amma suna gogayya da man jarka da ya fi nasu araha. Wannan rashin daidaito ne mai ciwo, domin kayan da ke da tsabta ta wannan fuska shi ne ba shi da tambari, ba shi da mai yi masa talla.

Maƙwabciya Najeriya, wadda biskit da botarta ke tsallakowa ta iyakar jihar Kebbi, ta kafa ƙa'ida ta hannun hukumar NAFDAC cewa kitsen tarans kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai ko kitsen da ke abinci. Ƙa'idar za ta amfani mai saye a Dogondutsi ne kawai idan ana gwada kayan da ke shigowa. Don haka buƙatar Arewa ta gaggawa ita ce hukumomin lafiya da na kwastan su sami na'urar gwajin mai, a kuma tallafa wa ƙungiyoyin mata masu man gyaɗa da injin matsa da kwalabe masu tambari.